Injin niƙa mai ƙwallaye: ƙasa tana manne wa bango, ina kuskuren yake?

Lawali, Mirya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san inji. Innata maginiya ce, tulu da randa take ginawa tun kafin a haife ni, kuma jar ƙasar da take shafa musu da farar da take zane da ita duk a dutsen niƙa take niƙa su. Bana bayanta ya matsa mata, in ta durƙusa na awa ɗaya sai an kama ta kafin ta miƙe. Shi ne na haɗa mata injin nan da ake zuba ƙwallayen ƙarfe cikin ganga tana juyawa. Gangar tsohon butalin gas ne, faɗinsa santimita 30. Na ɗora shi kan sanduna biyu masu juyawa, injin kuran, wato na lantarki, na tsohon injin wanki yana ja. Ƙwallayen kuma na boris ne, na tsinto wajen masu gyaran kamyo. Jiya na bar shi awa shida. Da na buɗe, ƙasar duk ta manne a bango ta yi tauri kamar daɓe, ƙwallaye wasu sun nutse a ciki, wasu suna yawo fes babu abin da suka niƙa. Farar ƙasar kuma ta koma toka-toka. Na kashe kusan jika 40 a kan abin nan. Ina kuskuren yake?

Mutari mai walda, Zango: Wa alaikumus salam. Kafin a je ga niƙa, ƙanena, wa ya yanka maka butalin? Ka cika shi da ruwa kafin a sa masa wuta?

Lawali, Mirya: Yaya Mutari, an cire kan, an cika shi da ruwa ya kwana biyu, aka zubar aka sake cikawa, sannan aka yanka da ruwan a ciki.

Mutari mai walda, Zango: Madalla. Na tambaya ne don wasu za su karanta su ce su ma za su yi. Butalin da ake ce wa "babu komai a ciki" shi ya fi illa, don gas ɗin da ya rage ya gauraya da iska. Ni ko nawa za a ba ni ba na taɓa shi sai da ruwa. Game da niƙan kuwa, ni ina ganin injinka ne ba shi da ƙarfi. Nemi babba, ka ƙara masa gudu, ƙwallayen za su farfasa abin da ya manne.

Baba Sanusi, Sabon Gari: Mutari, a kan butali ka yi gaskiya, a kan gudu ka kauce. Na yi shekaru ina aiki a gidan siminti, gaban irin wannan injin nake wuni, sai dai namu ya fi ɗaki girma. Lawali ɗana, kafin kowa ya ce ka sayi wani abu, ka ɗauki alli ka yi layi a jikin gangar, ka kunna, ka ƙirga sau nawa layin yake wucewa a minti ɗaya. Sannan ka gaya mini ƙwallayen sun kai ina a cikin gangar, da irin ƙarar da kake ji.

Lawali, Mirya: Baba, na ƙirga sau uku, 90 nake samu, wani lokaci 89. Ƙwallayen ba su da yawa, ba su fi kashi ɗaya cikin biyar na gangar ba. Ƙasa kuma na cika ta kusan baki don a gama da wuri. Ƙara da farko akwai ta, bayan kamar rabin awa sai ta koma shuuu kawai.

Baba Sanusi, Sabon Gari: To ka ba ni amsa uku, kuma ukun duk ciwo ne.

Ka taɓa ganin yaro ya ɗaura igiya a gwangwani mai ruwa yana wulwulawa sama da kansa, ruwan bai zube ba? Haka ƙwallo yake yi in ganga ta yi gudu da yawa: sai ya lafe a bango ya dinga zagayawa tare da ita, ba ya faɗowa. Alhali niƙan duk a faɗowar yake. Ganga ta ɗaga ƙwallo zuwa sama, ya sako, ya gangaro kan 'yan uwansa, ƙasar da ke tsakani ta murƙushe. Kowace ganga tana da iyakar gudun da in ta kai, ƙwallo ya daina faɗowa. Lissafin shi ne ka raba 42.3 da tushen murabba'in faɗin gangar a mita. Taka mai santimita 30 iyakarta wajen 77 ne a minti. Kai kana 90, ka wuce iyaka. Inda ake so a tsaya shi ne kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na iyakar, wato kai tsakanin 50 da 58.

Na biyu, ƙwallaye su kai rabin ganga a ƙaramin inji irin naka. Ƙasa kuma ta cike ramukan da ke tsakaninsu ta ɗan rufe su kaɗan, kamar rubu'in ganga ke nan. Sauran wurin a bar shi fili, don nan ne ƙwallo yake samun hanyar faɗowa. Kai ka juya abin, ƙasa ta yi yawa ƙwallo ya yi kaɗan, sai ƙasar ta zame musu katifa.

Na uku shi ne laima, amma bari in ji abin da wasu za su ce tukuna.

Mutari mai walda, Zango: Baba, na karɓa. Ni injin markaɗe na saba da shi, a can in ka ƙara gudu aiki yake ƙaruwa. Lawali, faɗi girman pulin da ke kan injin da wanda ke kan sanda, da kaurin sandar, mu lissafa.

Lawali, Mirya: Na kan injin santimita 5, na kan sanda 20. Sandar da robar da na naɗa mata ta kai 7 da rabi. A jikin injin an rubuta 1450.

Malam Isufu, malamin lise: Lissafin ya fito daidai da abin da ka ƙirga. 1450 sau 5 a raba da 20 ya ba da wajen 362, gudun sanda ke nan. A ninka da 7.5 a raba da 30, ya ba da 90 da ɗan ɗori. In ka cire puli mai 20 ka sa mai 35, sanda za ta dawo 207, ganga kuma wajen 52. Ka faɗa tsakiyar abin da Baba ya ce. Kuma ƙarin alheri, in gudu ya ragu ƙarfin juyi yana ƙaruwa, don haka injin da Mutari yake ganin ya yi ƙarami zai ishe ka.

Mutari mai walda, Zango: Puli mai 35 ana samu wajen masu tsofaffin kayan injin niƙa. In ba ka samu ba kawo sandar in haɗa maka da ƙarfen tayar ƙaramin keke, fambel yana zama a kwarinsa lafiya lau. Fambel ɗinka ma sai ka canja, wanda ke kai zai yi gajere.

Ibro, Garin Malam: Ni na yi aikin zinariya a Jado, can arewacin Nijar, tun farkon buɗewarta a 2014, na ga yadda ake niƙa dutse iri-iri. Abin da na sani shi ne nauyi ke niƙa. 'Ya'yan boris ba su da nauyi. Ka nemi tsohon batirin mota, a narka dalmar ciki a zuba maka ƙwallaye, ka ga aiki. Kuma ba sa ƙara da yawa, maƙwabta ba za su yi ƙorafi ba.

Nana Hadiza, ma'aikaciyar jinya: Don Allah Malam Ibro ka janye wannan maganar. Lawali, kada ka kusanci dalma. Dalma tana da laushi, duk juyin da ganga za ta yi tana goge ta, garinta yana shiga cikin ƙasar. Ƙasar nan kuma a jikin randa za a shafa ta, randar da yara za su sha ruwa a ciki, kuma Inna da hannunta za ta shafa.

Ba labarin nesa ba ne. A 2010 a jihar Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu. Dalilin shi ne dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau saboda suma da jijjiga, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka auna jini aka gane. Waɗanda suka rayu da yawa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, kuma wannan ba ya gyaruwa. Narka batirin ma kansa guba ne ga mai narkawa da duk wanda ke kusa da hayaƙin.

Ibro, Garin Malam: Malama, ban yi nufin cuta ba. Na ga ana yi ne. Amma ai za a gasa tukunyar a wuta, wutar ba ta ƙone dalmar?

Malam Isufu, malamin lise: Ba ta ƙone ta, Ibro. Dalma ba itace ba ce da za ta zama toka ta tafi. Wuta tana canja mata kama ne kawai, ta zauna a jikin tukunyar. Daga baya duk abu mai tsami da aka zuba, tsamiya ko nono ko kunun da ya kwana, yana jawo ta ya shigar da ita cikin abinci. Shi ya sa ƙasashe da yawa suka sa doka mai tsanani a kan dalma a kayan cin abinci na yumɓu.

Ibro, Garin Malam: To na janye. Allah Ya jiƙan yaran. Mu ma a daji ƙurar nan mun sha ta ba iyaka, akwai abokan aikina da har yau tari bai bar su ba.

Nana Hadiza, ma'aikaciyar jinya: Amin. Su je a duba ƙirjinsu, kada su tsaya kan maganin tari na kanti. Ƙurar dutse in ta zauna a huhu ba ta fita, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wannan ma ya shafi Lawali: in ka buɗe gangar busasshiyar ƙasa, abin da ya tashi ya shiga hancinka shi ne mafi laushi, kuma shi ne mafi illa.

Baba Sanusi, Sabon Gari: Malama ta kawo ni kan magana ta uku. Yumɓu ba a niƙa shi a bushe a irin wannan injin, sai dole. Halinsa ne ya manne. Ko ka shanya shi kwana uku, yana riƙe da ɗan ruwa a cikinsa, ga shi muna cikin Agusta iska duk laima. Da ganga ta ɗumama sai laimar ta fito, ƙwallo ya daddaɓe garin a bango kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. Da zarar ya fara kamawa, shi ke nan, ko kwana za ka bar shi ba abin da zai ƙaru sai kuɗin kuran.

Mafita ita ce ka bi shi ta inda yake so: zuba ruwa. Ka niƙa shi a jiƙe, kaurinsa kamar koko mai ɗan ruwa-ruwa, wanda in ka tsoma yatsa zai rufe shi amma ya ɗiga. Ba mannewa, ba ƙura, kuma ya fi saurin laushi. Tunda dai Inna da ruwa za ta dama shi kafin ta shafa, me ya kai ka busar da shi?

Lawali, Mirya: Wallahi Baba ban yi wannan tunanin ba. Amma in na zuba ruwa a butalin ƙarfe da ƙwallayen ƙarfe ai tsatsa za ta yi. Farar ƙasar ma yanzu a bushe ta yi duhu.

Baba Sanusi, Sabon Gari: Ta yi duhu ne don ƙarfe yana cin ƙarfe, garinsa yana shiga ciki. A jar ƙasa ba matsala, jan nata ma daga ƙarfe yake. A fara kuwa ɓarna ce, in aka gasa za ta fito ruwan ƙasa-ƙasa. Don haka ka ajiye butalin don ja kawai, ko ka bar shi gaba ɗaya. Nemi tano, wato gangar roba, mai shuɗi, ƙarami mai lita 30, irin mai murfi da zoben ƙarfe mai matsewa. Ka tabbata ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki, kada ka ɗauki na maganin ƙwari. Maimakon ƙwallayen ƙarfe ka tsinci tsakuwar kwari masu santsi, farare masu ƙyalli, daga girman goro zuwa ƙwan kaza ƙarami. Masu yin tangaran a Turai da duwatsun bakin teku suka daɗe suna niƙa kayansu, saboda wannan dalilin na launi.

Malam Isufu, malamin lise: Ga yadda za ka gane dutsen kirki: ka karce shi da wuƙa. In wuƙar ta yi masa rauni, jefar da shi, zai narke a cikin niƙan. In wuƙar ce ta bar layin ƙarfe a kansa shi bai ji komai ba, shi ne. Kada ka ɗebi ɓaraguzan manyan duwatsun nan na cikin gari, suna da baƙaƙen ƙwayoyi da za su ɓata maka fari. Kafin ka fara aiki da su, juya su da yashi da ruwa na 'yan awoyi su goge kaifinsu, ka wanke.

Hajiya Rabi, Kasuwar Dole: Ina ta karatu tun ɗazu ban ce komai ba. Shekara 30 ina sayen tukwanen Mirya ina sayarwa, kakata ma maginiya ce. Lawali, Allah Ya yi maka albarka da ka tausaya wa mahaifiyarka. Amma ku maza kun taru kuna ta lissafin puli, ba wanda ya tambayi ita mai aikin me take so. Kakata ba ta wahalar da kanta da niƙa sosai. Jiƙa ƙasar take yi a kasko ta kwana, ta dama da hannu, ta ɗan jira yashi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama a wani kasko. Ta bar wannan ya kwana, da safe ta zubar da ruwan da ya tace, abin da ya rage a ƙasa laushinsa kamar man shanu. Shi ne in an shafa aka goge da dutse yake ƙyalli. Ba kuran, ba jika 40.

Baba Sanusi, Sabon Gari: Hajiya, wannan hanyar gaskiya ce, kuma babu injin da zai ba da laushin da ruwa ke tacewa. Sai dai ki duba abin da ake zubarwa. In ƙasar mai tauri ce, wadda ba ta narkewa a ruwa, rabinta a gindin kasko take zama a zubar. Injin zai farfasa wannan ya zama mai amfani.

Hajiya Rabi, Kasuwar Dole: Malam Sanusi, ƙasa ce fa, ba zinariya ba. In an zubar a ɗebo wata.

Lawali, Mirya: Hajiya, na karanta wa Inna saƙonki. Ta ce a gaishe ki, ta ce jar haka take yi mata tun da, tacewa kawai. Farar ce matsala. Inda suke ɗebowa da can an yi gonaki a wurin, wadda ake kawo musu yanzu da amalanke saye suke yi, kuma tauri gare ta kamar dutse, ko ta kwana uku a ruwa ba ta saki. Ita ce take durƙusa wa. Ni ne ban tambaye ta da kyau ba na haɗa duka biyun na zuba a inji.

Hajiya Rabi, Kasuwar Dole: To ka ji. Ina amsawa, ka ce ina gaishe ta da jiki. In haka ne ku niƙa farar a injinku, amma bayan an niƙa a tace ta yadda aka saba. Kuma kada ka kai mata ka ce ga shi an gama. Ka ba ta ta murza a yatsa, ta taɓa a haƙori. In ta ji ƙasa-ƙasa a haƙori bai yi ba, ko me agogonku ya ce. Ni masu saye na sani, mace tana shafa tulu da tafin hannu kafin ta tambayi kuɗi.

Malam Isufu, malamin lise: Ƙari a kan ta Hajiya: in za a tace, ɗan ƙanƙanin kanwa a ruwan yana raba ƙwayoyin yumɓu kada su dunƙule, sai mai laushin ya daɗe yana yawo a sama, mai kaushin ya kwanta da wuri. Amma kaɗan nake nufi, abin da yatsu biyu za su ɗauka a bokiti. In ta yi yawa sai ta ɓata aikin. A gwada a kofi tukuna.

Bashir, Kara-Kara: Salam. Yaya Lawali, in ka koma tanon roba, ka sayar mini da butalin da ƙwallayen. Ni da abokaina muna so mu haɗa abin fashewa na wasa irin na biki, mun gwada dakawa a turmi bai yi laushi ba, sai hayaƙi kawai yake yi. Na ga a intanet da irin wannan injin Turawa suke niƙa nasu. Baba Sanusi, awa nawa ya kamata a bar shi?

Baba Sanusi, Sabon Gari: Ba zan gaya maka ba, ɗana, kuma Lawali kada ka sayar masa. Ba rowa ba ce. Duk abin da muka faɗa a sama a kan ƙasa muka faɗe shi, abin da ba ya kama wuta. Ka san ƙyastu? Ƙarfe ne ake bugawa a kan dutse wuta ta fito, da shi kakanninmu suke kunna wuta kafin ashana. Abin da ke faruwa a cikin gangar nan ke nan, sau dubbai a minti ɗaya, ƙarfe kan ƙarfe. Tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma a rufe take, wutar ba ta da hanyar fita sai ta yaga ƙarfen. Ba kai kaɗai zai samu ba, har wanda ke bayan katanga.

Bashir, Kara-Kara: To in na sa roba da duwatsu kamar yadda kuka ce masa fa?

Malam Isufu, malamin lise: Dutsen da muka ce ya nema shi ne ainihin dutsen ƙyastu. Roba kuma tana tara lantarkin gogayya, irin wanda kake ji yana tsattsage in ka cire rigar leda da hunturu cikin duhu. Babu wata ganga a cikin waɗanda aka ambata a nan da ta dace da abin da kake nufi. Waɗanda ka gani a intanet ba su nuna maka waɗanda suka rasa yatsu da idanu ba, kuma a ƙasashen nasu ma sana'a ce mai lasisi, ana yin ta nesa da gidaje. Dakan turmin da kuka yi ma Allah ne Ya kiyaye ku.

Nana Hadiza, ma'aikaciyar jinya: Bashir, ƙanena, ni nake wanke irin waɗannan raunukan. Ƙunar albarushi ba irin ta ruwan zafi ba ce, tana zuwa da fuska da hannu a lokaci ɗaya, don su ne a kusa. Na ga saurayi da aka kawo mana bayan salla, hannun da yake rubutu da shi ba a iya ceto yatsu uku ba. Mahaifiyarsa a bakin ƙofa ta kwana. Ka tuna da taka.

Alhaji Mamman, Birni: Bari in sa baki tunda abin ya zo gidanmu. Mu 'yan bindiga ne kaka da kakanni, mu muke buga bindiga a hawan salla. Damagaram ta san albarushi tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a lokacinsa har igwa ake ƙerawa a garin nan. Amma ba a taɓa mayar da shi wasan yara ba. Yana da masu shi, yana da shugaba, yana da izini, kuma yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar kaya yana kallo kafin a bar shi ya taɓa. Duk da haka ba gidan 'yan bindigar da ba shi da labarin wanda ya ƙone. Ga kuma halin tsaro da ƙasa take ciki: in aka ji ƙara a unguwa aka zo aka same ka da butalin ƙarfe da wannan kaya, ba wanda zai saurari cewa na biki ne. In son abin kake yi da gaske, zo Birni ka gaishe ni da mahaifinka, mu ga ko kana da haƙurin koyo. A waya dai ba za ka ji komai daga bakina ba.

Haruna, mai kula da zaure: Na gode Alhaji. Doka daga yau: ba a tambaya ko bayar da bayanin haɗa albarushi ko wani abin fashewa a zauren nan, wanda ya sa zan goge in cire shi. Saƙon Bashir na bar shi don amsoshin da aka ba shi su amfani wasu. Bashir, ba korarka aka yi ba, kana nan tare da mu.

Bashir, Kara-Kara: Na ji. Sauran da ke wurinmu fa, yaya za mu yi da shi?

Alhaji Mamman, Birni: Kada ka ƙara daka shi, kada ka kai shi kusa da murhu ko sigari. Zuba masa ruwa da yawa ya jiƙe sharkaf tun daga inda yake, ka bar shi a jiƙe, ka kira ni ta lambar da Haruna zai ba ka in turo wanda zai ɗauke.

Mutari mai walda, Zango: Lawali, butalin kawo mini in yanka shi biyu in yi maka murhun gawayi, ya fi amfani a haka. Pulin kuma na samo mai 35, jika 3 mai shi ya ce.

Lawali, Mirya: 'Yan zaure, bayan kwana tara ga yadda aka yi. Na sa pulin Yaya Mutari. Tanon roba faɗinsa 32, da alli na ƙirga 47 a minti. Tsakuwa rabin tano, na tsinto su a kwari ni da ƙannena, kusan kashi ɗaya cikin uku wuƙa ta kama su na zubar. Farar ƙasa na fara farfasa ta da guduma ta koma kamar ƙwayar dawa, na jiƙa ta kwana ɗaya, sannan na zuba. Ƙarar yanzu kamar ruwan sama a kan kwano, ba ta yankewa. Awa huɗu na buɗe, Inna ta taɓa a haƙori ta ce saura. Na ƙara uku, ta ce ya yi, ta tace ta a kasko. Fari ya fito tas, ba toka-toka. Matsala biyu suka rage. Tanon yana zamewa a kan sanda in ruwa ya ɗiga, sai na naɗa masa tsohon tib ɗin babur wuri biyu, ya daina. Ta biyun ita ce in kuran ya ɗauke na awa biyu, ƙasar tana kwanciya ta riƙe tsakuwar gaba ɗaya, in wuta ta dawo injin sai ya yi ta gurnani ya kasa tashi.

Baba Sanusi, Sabon Gari: 47 a tano mai 32 ya ɗan gaza kashi 65 kaɗan, amma ya yi, kada ka taɓa shi. In wuta ta ɗauke ka kashe makunnin nan take, don in ta dawo ba ka kusa, injin da ya kasa juyawa cikin 'yan mintoci yake ƙonewa. Kafin ka sake kunnawa sauke tanon ƙasa ka mirgina shi da hannu har ka ji tsakuwar ta saki. Murfin kuma buɗe shi a hankali, yana tara iska in ya ɗumama. Ka auna nauyin tsakuwar yau ka rubuta a bango, bayan wata ɗaya ka sake aunawa ka cika abin da ya ragu.

Hajiya Rabi, Kasuwar Dole: Sai an gasa za a san gaskiyar farin. Yaushe za ta sa wuta?

Lawali, Mirya: Ta ce in sama ta yi sauƙi, ranar Asabar mai zuwa in sha Allah. Maƙwabtanta biyu ma sun kawo tasu farar a niƙa musu, ban san nawa zan ce su biya ba.

Hajiya Rabi, Kasuwar Dole: Lissafa kuɗin kuran na awa bakwai ka ɗora kaɗan saboda fambel da tsakuwa, kada ka tsawwala musu, abokan aikin mahaifiyarka ne. In an kwashe daga wuta ka ware mini tulu shida masu sabon zanen, ka aiko da su a motar Mirya ta safe, zan sa yaro ya jira a tasha.